Yadda Na Kai Muryar Kakana Bikin Fina-finai na Amstadam

Kaset ɗin ya yi shekara talatin da ɗoriya a cikin adakar Gwaggo, naɗe a wani tsohon ɗankwali tare da takardun gida. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shi ya ɗauki maganar a 1987 da rikodarsa mai batir shida. Muryar kakana ce, yana ba da labarin yadda aka ɗebo su daga wani ƙauye a ƙasar Katsina aka kawo su Bukur haƙar kuza a zamanin yaƙin Hitila. Ranar da Gwaggo ta miƙo mini shi ba ta sake shi nan da nan ba. Tana riƙe da gefe ɗaya, ina riƙe da ɗaya. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, "Babana, duk abin da za ka yi da shi, ni zan fara gani kafin duniya ta gani." Na ce, "In Allah ya yarda, Gwaggo, na yi alkawari."

Ga wanda bai san tarihin ba, tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwe suna narka kuza suna sayarwa. Kamfanonin Ingila sun hau tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20, aka shimfiɗa musu ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso Bukur a 1914. To a watan Fabrairun 1942 Japan ta ƙwace Singafo bayan ta cinye Malaya, ƙasar da Ingila ta fi dogara da ita wajen kuza, ga yaƙi yana ci, ana neman ƙarfen don gwangwanin abincin soja da kayan yaƙi. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kanmu. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa aza wa sarakuna adadi, sarki ya aza wa hakimai, hakimi ya aza wa dagatai, dagaci kuma ya nuna gidan da ba shi da mai tsaya masa. Mutane suka raɗa wa abin suna diban gwamna. Da yawa sanyin tsauni da ciwon ƙirji da yunwa suka kwantar da su a bariki ba su tashi ba. Kakana ya rayu, bai koma gida ba, ya zama heluma, ya yi aure a nan aka haifi Gwaggo.

Shekara uku na yi ina haɗa fim na minti 28, irin wanda ba ɗan wasa a ciki, fim ɗin gaskiya, wanda 'yan sana'a ke kira dokumentari. Akwai kaset ɗin, akwai Gwaggo, akwai matan da har yau suke wankin kuza a bakin tafkunan da kamfanoni suka bari bayan farashi ya faɗi warwas a 1985. Akwai kuma wani dattijo Birom wanda gonar accar kakanninsa take ƙarƙashin ɗaya daga cikin tafkunan nan. Abokiyar aikina mai ɗaukar sauti, ita ma Birom ce, ita ta tsaya kai da fata sai an sa shi. Ta ce idan na ba da labarin waɗanda aka ɗebo ban ba da na waɗanda aka haƙe wa gonaki ba, rabin gaskiya na faɗa. Duk wanda ya zauna a Jos ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ya san wannan magana ba ta wasa ba ce. Na bi shawararta, kuma ita ce shawara mafi kyau da aka ba ni a aikin gaba ɗaya.

Da muka gama tace hoto, na sa raina a kan IDFA, bikin fina-finan gaskiya da ake yi a Amstadam ta ƙasar Holan duk watan Nuwamba. Wata mata mai suna Ally Derks ce ta kafa shi a 1988, ta jagorance shi kusan shekara talatin, kuma yau a fagen irin waɗannan fina-finai babu wanda ya kai shi girma a duniya. Abin da ya ja ni ba girman ba ne kawai. Wanda ya gaje ta a 2018, Orwa Nyrabia, ɗan Siriya ne, yana cikin waɗanda suka kafa bikin fina-finan gaskiya a Damaskas a 2008, kuma jami'an tsaron ƙasarsa sun tsare shi na makonni a 2012. Na ce a raina, wurin da irin wannan mutum yake duba fina-finai, ba sai na yi dogon bayanin abin da ake nufi da hukuma ta ɗebi mutum ba.

Ban rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba. A daren buɗe bikin 2023 wasu masu goyon bayan Falasɗinawa sun hau dandamali da ƙyalle mai ɗauke da taken nan na daga kogi zuwa teku. Hukumar bikin ta fitar da sanarwa ta nesanta kanta da taken, wasu masu fim suka fusata suka janye fina-finansu. Na kwana biyu ina juya abin. Daga ƙarshe na ga cewa bikin da ke nuna siyasar duniya shi ma yana cikin siyasar tsundum, kuma gara in je in faɗi tawa a inda ake gardama da in zauna da kaset a adaka.

Cika takardar neman shiga a intanet ake yi, cikin watannin farko zuwa tsakiyar shekara. Taƙaitaccen labarin fim, tarihin darakta, tsawon fim, harsunan da ke ciki, sai adireshin da za su kalla da kalmar sirri. Akwai kuɗin rajista, kuma a lokacin katin naira ba ya biyan komai a waje, sai wani abokina da ke karatu a Turai ya biya na tura wa ƙaninsa naira a gida. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gabana ya faɗi shi ne tambayar ko an taɓa haska fim ɗin a wani wuri. Manyan bukukuwa suna son su ne na farko, ko a duniya, ko a wajen ƙasar da aka yi fim, ko a nahiyar Turai, musamman a ɓangaren gasa. Ka ɗora shi a YouTube ko ka haska shi a fili ga jama'a, ka rage masa daraja a idonsu. Ni kuwa da na shirya ɗaura farin ƙyalle a filin makarantar unguwarmu in tara kowa.

Na kira wani babban yaya a sana'ar wanda ya taɓa kai fim waje. Ya ce, "Ƙanena, kallon iyali a cikin gida ba haskawa ba ce. Rufe ƙofa, kada a sayar da tikiti, kada kowa ya ɗauka a waya. Filin makaranta kuwa ka bari sai ka dawo." Haka aka yi. Wata ranar Juma'a bayan la'asar na ɗora kwamfuta a kan turmi da aka kifa a ɗakin Gwaggo, mu shida, har da dattijon nan da abokiyar aikina ta ɗauko a Keke Napep.

A tsakiyar fim ɗin akwai daƙiƙa arba'in na tsohon hoto baƙi da fari, na zamanin mulkin mallaka. Layin mutane ne, kowa da kwanon sarki a ka, suna hawowa daga rami ƙafa ba takalmi, jiki duk taɓo. Na same shi a wata ma'adanar hotuna a Ingila, kuma abin da suka turo mini na gwaji ne, da tambarinsu ɓaro-ɓaro a tsakiya da lambobin agogo suna gudu a ƙasa. Da aka zo wurin, Gwaggo ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce, "Mayar da baya." Na mayar. Sau huɗu. Na san abin da take nema, ban ce komai ba. Can ta ɗora yatsa a kan tambarin ta ce, "Wannan rubutun da ya rufe musu fuska fa?" Na ce alamar masu hoton ce, sai na biya za su cire. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Su suka yi aikin, wasu ke da hoton." Dattijon ya gyaɗa kai. Da fim ya ƙare ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Je ka kai musu."

Maganar biyan nan ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ana sayar da irin wannan hoto ne da daƙiƙa, kuma farashin yana bin inda za ka nuna, da tsawon shekarun izini, da ko a bukukuwa ne kawai ko har da talabijin da intanet. Izinin duniya baki ɗaya ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Na sayi mafi arha, na bukukuwa kawai, shi ma sai da na sayar da gilashin kyamarata guda. A takardar bayanin hoton an rubuta sunan mahaƙar, an rubuta irin injin da ke aiki a gefe. Mutanen da suka cika hoton kuwa kalma biyu aka ba su da Turanci, wato leburori 'yan ƙasa. Ban ce kada a biya masu adana tsofaffin fina-finai ba, adanawa aiki ne mai cin kuɗi, kuma da ba su adana ba da ba mu gani ba. Mu ma muna da ma'adanar fina-finai ta ƙasa a nan Jos, mun san wahalar abin. Amma jikan lebura ya sayi izinin nuna leburori da kuɗin Ingila, kuma izinin bai kai ya nuna wa 'ya'yansu a filin unguwa ba, wannan har yau bai kwanta mini ba.

Sai fassarar ƙasan allo. Na ɗauka aikin mako guda ne, ya cinye mini wata ɗaya da rabi. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka fi bi ita ce layi biyu, kowane layi kada ya wuce harafi 42, kuma rubutun ya daɗe daidai yadda ido zai karanta ba tare da ya bar kallon fuskar mai magana ba. Hausar tsofaffi kuwa ba ta san wannan awo ba. Kakana zai ce, "To, ka san sha'anin mai iko," ya yi shiru, ka ji kurɓar kunu, sannan ya ci gaba. Idan na rubuta ma'anar zalla shirun ya tashi a banza. Idan na bar rubutun a allo lokacin shirun, mai kallo yana karatu maimakon ya saurara. Sai na koyi cire rubutu da wuri, in bar allo fayau, Bature ma ya zauna cikin shirun nan yadda muke zama.

Akwai inda na tambayi Gwaggo a fim ko tana jin haushin abin da aka yi wa mahaifinta, ta ce, "Ba komai." Duk Bahaushe ya ji yadda ta faɗe shi ya san akwai komai. Na gwada fassara biyar. Wadda ke nufin ta yafe ƙarya ce, wadda ke nufin ba ta damu ba ta fi ƙarya. Daga ƙarshe na sa mafi gajarta, na roƙi edita ya ƙara daƙiƙa shida a kan fuskarta kafin ya yanke. Fuskar ta yi abin da Turancin ya kasa.

Diban gwamna ita ce uwa uba. Turanci yana da kalmar da ke nufin aikin tilas, kuma ita ce ke cikin littattafan tarihi. Amma ba ita mutanen suka zaɓa ba. Ɗiba ana yi wa ruwa ne a randa, ana yi wa hatsi a rumbu, da ƙwarya ko da moɗa, ba a ƙirga ƙwaya, ba a tambayar sunanta. Waɗanda suka ƙirƙiro kalmar sun faɗi duk abin da masana za su cika shafi hamsin da shi. Wani da ya duba mini Turancin ya ce in sauƙaƙa wa masu kallo. Na ƙi. Na bar kalmar da Hausarta a allo karon farko, ba fassara, domin jimlar kakana ta gaba ita ce bayaninta: "Kamar yadda mace ke sa ƙwarya a buhu, wanda ya faɗo ciki shi ke nan." Daga nan har ƙarshen fim duk inda ya faɗe ta, da Hausa take fitowa.

Na tura, sai jira. Wata uku ba labari, har na fara duba wasu bukukuwan. Saƙon ya shigo wata safiya ina layin mai. Na karanta layin farko sau uku kafin na yarda da idona, sai da na bayana ya danna mini ham. An ɗauki fim ɗin cikin gajerun fina-finai. Gwaggo na fara kira. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka sayi rigar sanyi."

Daga nan abubuwa suka taho a guje. Silima ba ta haska irin fayil ɗin da muke turawa a waya, sai an mayar da fim wani tsari da ake kira DCP, wanda kowane hoto yake zaman kansa, sauti kuma a rarrabe zuwa lasifikoki shida. Akwai manhajar kyauta mai suna DCP-o-matic, da ita muka yi, kwamfuta ta kwana tana aiki a kan janareta. Sautin kaset ɗin ne ya ba mu wuya. Wani mai gyaran sauti a Legas ya goge shi tas har muryar kakana ta koma kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Na ce ya mayar da rabin ƙugin. A bayan muryar akwai carar zakara da wata yarinya tana tallar ƙosai, kuma Gwaggo ta ce ta san yarinyar, yanzu tana da jikoki.

Biza kuwa, wanda ya taɓa nema ya san zancen. Takardar gayyata daga bikin, bayanin asusun banki, inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, shaidar masauki da ta jirgi, Yuro 90 na biza ban da ladan ofishin karɓar takardu, sannan a ɗauki zanen yatsunka goma. Samun ranar ganawa ya fi haɗa takardun wuya. Mu biyu muka nema, ni da abokiyar aikina. Tawa ta fito saura kwana tara. Tata aka hana, aka sa alama a gurbin da ke cewa ba a gamsu za ta dawo ba, mace mai 'ya'ya biyu da uwa tsohuwa a gida. A tashar mota ta miƙa mini wata takarda ta ce idan an tambayi zancen gonaki in karanta, kada in faɗa da bakina.

Jirgin dare daga Legas, awa shida da wani abu, sai filin jirgin saman Schiphol, sai jirgin ƙasa na kwata ɗaya zuwa tsakiyar gari. Na taso a Jos, ina taƙama na san sanyi, amma na can jiƙaƙƙe ne, da iska mai shiga ƙashi. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas, kafin biyar ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk suna matse cikin awa huɗu da 'yan mintoci, saboda haka da jadawalin salla nake zaɓar fim, in yi alwala tun a masauki, in nemi lungu tsakanin wannan haskawa da waccan.

Ranar farko na shiga Tuschinski, tsohuwar silimar da ke kusa da dandalin Rembrandt. Darduma mai kauri tun daga ƙofa, fitilu masu launin garwashi, rufi kamar an yi masa aikin dagi. Abraham Tuschinski ne ya gina ta, Bayahude ɗan Polan, tela, wanda ya taso da niyyar zuwa Amurka ya tsaya a Holan. An buɗe ta a 1921. A 1942 'yan Nazi suka kashe shi a sansanin Auschwitz. Na tsaya a kan shekarar. Shekarar da aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa gabas, ita ce aka fara sa su kakana a ƙaramin jirgin Zariya. Ba na haɗa girman masifun biyu, ba ɗaya ba ne. Amma yaƙi ɗaya ne, kuma ban taɓa jin haka a jikina ba sai a zauren nan.

Na kalli fim goma sha bakwai cikin kwana shida. Na yaƙi, na kotu, na ma'aikatan masaƙa, na wata da ke bin sawun mahaifinta da gwamnatin soja ta ɓatar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu kallo. Ƙarfe goma na safe ranar aiki, ana yayyafi, ɗaki cike da tsofaffi da ɗalibai da suka sayi tikiti da kuɗinsu don kallon fim ɗin awa biyu a kan rikicin filaye a ƙasar da ba su taɓa zuwa ba. Kuma ba mai tashi sai sunan ƙarshe ya wuce.

Namu an sa shi tare da wasu gajeru uku a gidan tarihin fina-finai na Eye, farin ginin nan da ke tsallaken ruwa. Daga bayan babbar tashar jirgin ƙasa ake shiga jirgin fito, kyauta, minti kaɗan, kai da masu kekuna. Na zauna a layin ƙarshe. Da aka kashe fitila, ƙugin kaset ya cika ɗakin, zakara ya yi cara, sai muryar: "Bismillahi. Ni dai abin da na gani zan faɗa." Na sha jin wannan jimla fiye da sau ɗari a ɗakin tace hoto, amma ban taɓa jin ta daga bango huɗu ba. Na riƙe hannun kujera. Daƙiƙa arba'in ɗin nan suka zo, ba tambari, ba lambobi, fuskoki tarwai a allo mai tsayin gida. A karon farko na lura ɗaya daga cikinsu yaro ne, bai fi shekara goma sha huɗu ba, ya juyo ya kalli kyamara kafin na bayansa ya tura shi gaba.

Bayan an kunna fitila aka kira mu gaba. Tambayar farko, ko na biya mutanen da ke cikin fim. Na ce matan da ke wankin kuza na biya su kuɗin yinin da na hana su aiki, domin a ganina cin lokacin talaka kyauta da sunan fasaha zalunci ne. Wani ya tambayi alaƙar kuza da rikicin Jos. Na ciro takardar abokiyar aikina na ce wadda ta fi ni cancantar amsawa ba ta samu biza ba, ga saƙonta. Layi huɗu ne. Ta ce an kawo mutanen wani wuri da ƙarfi, an haƙe ƙasar mutanen wani wuri da ƙarfi, wanda ya yi duka biyun ya kwashe ƙarfen ya tafi, ya bar su suna kallon juna a bakin rami. Ɗakin ya yi tsit, sannan aka tafa, kuma na san ba ni ake tafa wa ba.

Sai wata dattijuwa ta miƙe a tsakiya, gashi fari fat, da sanda. Ta ce ita a Holan ta girma amma an haife ta a Bangka, tsibirin kuza na Indonesiya. Ta ce kakanta lebura ne ɗan asalin Sin da aka kawo da kwantiragi ya yi wa Turawan Holan haƙa, kuma tafkunan da ta gani a fim ɗina, da launin ruwan da farin yashin gefensu, su ne na garinsu sak. Na san Holan ta mallaki Bangka da maƙwabciyarta Belitung, wadda kamfanin Billiton ya samo sunansa daga gare ta, amma a takarda na sani. Ta ce ba tambaya gare ta ba, roƙo ne, in sake faɗin kalmar nan a hankali. Na ce, "Diban gwamna." Ta maimaita, ta kasa, ta sake. Bayan an tashi ta same ni a ƙofa ta miƙo tikitinta da biro ta ce in rubuta mata. Na rubuta. Ita kuma ta rubuta mini tasu a bayan katina, kuli kontrak.

Sauran kwanakin na kasuwa ne, domin bikin yana da ɓangaren da masu fim ke haɗuwa da masu saye da masu zuba jari. Wani wakilin gidan talabijin ya ce yana so, da sharaɗin in kai shi minti 52, tsawon da tashoshi suka saba, in kuma buɗe da hotunan ƙone-ƙonen Jos don a kama mai kallo. Tsawon na ce zan duba, akwai sauran kaset. Buɗewar na ce a'a. Mutanen da suka ba ni fuskokinsu ba su ba ni don in jera su a bayan gawa ba. Muka rabu lafiya. Na kuma zauna da ma'aikatan asusun IDFA Bertha, wanda ya faro a 1998 da sunan Jan Vrijman, yake tallafa wa masu fim na Afirka da Asiya da Latin Amurka da wasu yankunan. Na fito da shafi uku na abin da ake bukata, kuma a kasafin da nake rubutawa yanzu layin farko shi ne cikakken izinin daƙiƙa arba'in ɗin nan.

Mako uku da dawowata muka ɗaura farin ƙyalle a filin makaranta. Abokiyar aikina ta kawo mutanen ƙauyensu mota biyu, matan bakin tafki suka zo da goyo, aka jera bencina, aka ja janareta can nesa don kada ya danne sauti. Izinina bai kai nan ba, kuma ban so in fara da karya yarjejeniyar da na sa wa hannu. Saboda haka a kwafin gida na cire hoton, na bar wurin baƙi, muryar kaset kawai tana tafiya.

Da aka zo wurin ƙyallen ya yi duhu. Yara suka fara ihu an ɗauke wuta, wani saurayi ya tashi zai duba janareta, fitilun waya suka fara kunnuwa nan da can. Gwaggo tana layin gaba a kujerar roba, lulluɓe da bargo. Ba ta juya ba, ta ɗaga hannu ɗaya ta ce, "Ku zauna. Baba ne ke magana." Aka zauna. A cikin duhun kakana yana lissafa sunayen waɗanda suka taho tare daga ƙauyensu, su bakwai, yana faɗin inda aka binne kowane.